Layin da Na Tsallake wa Baba

Tun jiya wayata ba ta huta ba. Kowa tambayarsa ɗaya: "Basant, wa ke ɗaura aure ranar Laraba? Ba ke ce makon jiya kike kukan Baba ya kafe ba?" To ku zauna, yau zan zazzage muku komai. Amma ku sani tun yanzu, akwai wurin da ban kyauta ba a labarin nan, kuma abin da ya fi damuna shi ne har yanzu farin cikina ya rinjayi nadamata.

Ga waɗanda ba su san mu ba, ni ce Basant, ina sayar da tawul da zannuwan gado a wani shago nan garin Mahalla. Sameh kuwa kekunan ɗinki yake gyarawa a ƙananan masaƙun unguwarsu. Kullum hannunsa na ƙanshin man keke, ni kuma wallahi ƙanshin nan ya fi min turaren Dubai. Shekara biyu da wata uku ke nan da yi mana baiko, zoben har ya yi min shaida a yatsan hannun dama. Abu ɗaya tak ya tsayar da mu. Sameh ya ɗora hawa na uku a kan gidan mahaifinsa, ya yi filasta, ya sa tagogi, ya ja wuta, saura tayil. Ranar da Baba ya je dubawa, ya doka takalminsa a simintin, ƙura ta tashi, ya ce, "Wallahi ba na ɗaura auren 'yata sai an shimfiɗa tayil a gidan nan." Babana, Hajji Abdurrazik, shekara talatin da ɗaya ya yi yana shugabantar ma'aikata a masaƙa kafin ya yi ritaya. In ya ce wallahi, magana ta mutu.

Mama kuwa ta riga ta cika saman kowane kabad da kayan aurena. Tawul dozin shida, tukwane, kofunan shayin da ba wanda zai taɓa sha da su. Har a ƙarƙashin gadon Baba akwai kwali, kullum sai ya yi tuntuɓe da shi ya yi tsaki.

Sameh ya shiga adashe da abokan aikinsa, farkon watan nan kwasarsa ta zo, fam dubu arba'in da takwas. Ranar Juma'a muka nufi garin Tanta zaɓen tayil, kuɗin na cikin ambulan a aljihun cikin rigarsa, yana taɓa ƙirjinsa duk bayan minti biyu kamar mai ciwon zuciya. Na sa doguwar rigata ruwan zaitun da mayafi ruwan madara, da farin takalmin da ke cin diddigena amma yake min kyau. Da muka isa sai muka tarar mai shagon bai dawo daga masallaci ba, an ce sai bayan la'asar. Shi ne muka shiga babban kantin nan mai hawa uku don mu sha sanyin na'ura kyauta.

Muna hawa bene wata yarinya mai jan baki ta tare mu da kati a hannu.

"Amarya da ango, ku kankare, kyauta ne."

Sameh ya kankare da makullin gidansa. Yarinyar ta dafe ƙirji ta kwarma ihu. Wai mun ci kyautar kwana uku a otal a Ras Sidr, bakin teku, ga kuma injin markaɗe. Sai dai mu hau sama mu saurari bayani na minti arba'in kawai. Tana cikin rubuta sunayenmu idonta ya sauka a hannuwanmu, ta yi turus.

"Au, baiko ne? Kash. Ma'aurata kaɗai ake shigarwa." Ta waiga hagu da dama, ta rage murya. "Ni dai zan juya in amsa waya. Hannu biyu Allah ya ba kowa."

Jama'a, ni na fara. Kada wani ya ɗora wa Sameh. Ni na murɗe zoben daga dama na zura shi a hagu, inda matan aure ke sawa, ina dariya kamar wasa. Shi ma ya yi, kunnuwansa sun yi jajir. Da yarinyar ta juyo ta ce, "Bismillah, Madam," sai da na ji wani sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Shekara biyu da wata uku ina jiran wani ya kira ni da sunan nan.

A sama wani zaure ne cike da ƙananan tebura, kiɗa na tashi har ba ka jin abin da ake faɗa a teburin kusa. Aka ba mu lemon mangwaro, aka haɗa mu da wani ɗan tallan kamfanin, Ustaz Haisam, gashi ya sha mai, agogo kamar murfin gwangwani. Ya karɓi katin shaidata ya duba bayan katin.

"Madam, ba a sa sunan miji ba."

"Auren sabo ne," in ji Sameh, yana kallon tebur.

"Allah ya sanya alheri, Basha, ranka ya daɗe. Duk sababbin aure haka suke."

Daga nan ya buɗe littafin hotuna. Ruwa shuɗi, yashi fari, ɗaki mai baranda. Wai ba haya ba ce, mallaka ce: sati ɗaya a kowace shekara ɗakin namu ne, har shekara ashirin da biyar. In ba mu je ba, su da kansu za su ba da shi haya su miƙo mana kuɗi. 'Ya'yanmu ma za su gada. Duk wanda ya sa hannu a wani tebur sai a kaɗa ƙararrawa, kowa ya tashi yana tafi. Minti arba'in ɗin nan ya zama awa huɗu. Sau biyu muna miƙewa, sau biyu manaja na fitowa ya zaftare farashin, wai saboda fuskarmu ta yi masa. A karo na uku Haisam ya jingina ya kalli Sameh.

"Basha, tsakaninka da Allah, Madam ba ta cancanci ta ga teku sau ɗaya a shekara ba? Kuma me za ka rasa? Ga shi a rubuce, in ka fasa cikin kwana goma sha huɗu, kuɗinka ya dawo cif."

Sameh ya juyo ya dube ni. Sau biyu na taɓa ganin teku a rayuwata, duka a Baltim, ɗaya ma daga tagar mota. Da na girgiza kai da shi ke nan. Ban girgiza ba. Ya sa hannu a ƙirji ya zaro ambulan ɗin, aka karɓa a matsayin kafin alƙalami, saura a biya wata-wata. Aka kaɗa mana ƙararrawa, aka ɗauke mu hoto muna riƙe da injin markaɗe, ni har da ɗaga hannun hagu.

Sai a cikin motar komawa gida hankalinmu ya dawo jikinmu. Mun wuce rabin hanya, kwalin injin na kan cinyata. Can Sameh ya ce a hankali, "Basant, kuɗin tayil ne fa." Na mayar da zobena dama, shi ma ya mayar.

Washegari da safe saƙonsa ya shigo: "Kada ki damu, ya ce kwana sha huɗu. Yau zan kira shi." Da azahar: "Wai yana taro." Da la'asar: "Wayar a kashe." Na tura masa hoton zuciya guda uku, don ban san me zan ce ba.

Ranar Lahadi na zauna a bayan shago na duba shafin farko na takardar da idon basira. Satin namu, ashe, sati na biyu ne na watan Janairu, lokacin da ko kifi ke neman bargo. Akwai kuɗin kula da gini duk shekara, ko ka je ko ba ka je ba. Kwana ukun kyautar ma sai ka biya kuɗin abincin otal, wanda ya fi kuɗin ɗakin. Na rufe takardar ban ƙarasa sauran shafukan ba, don kaina ya fara sarawa.

Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, su da kansu suna biyu suke amfani da shi, ɗaya a ƙofa ɗaya a rasit. Sau uku Sameh yana rufe aikinsa ya tafi ofishinsu a Tanta. Zuwan farko, mai ajiyar kuɗi ya tafi jana'iza. Na biyu, sai an cika fom, fom kuma ya ƙare. Na uku na bi shi, muka samu wata Madam Nahla, mai kula da masu fasawa, farcenta ja dogaye, tana magana tana danna waya.

"Ba matsala ko kaɗan. Yarjejeniyar ta miji da mata ce, sai ku kawo takardar aurenku ta asali, mu buɗe muku fayil."

"Katin shaida bai isa ba?" in ji Sameh.

"Takardar aure, Ustaz. Ko babu ne?" Ta ɗago ta yi mana wani murmushi.

Muka fito jiki a sanyaye. Saura kwana biyar, kuma a gida ba wanda ya san komai. Baba ya tambayi Sameh tayil, ya ce masa launin da muke so ne ya ƙare.

Ranar Litinin ta mako na biyu bayan azahar ina tsinke ganyen lalo, Mama na yankawa, sai wayarta ta yi ƙara. Tanti Nagat ce, yayar Mama, wadda ba ta buƙatar waya in tana magana, daga unguwarsu ma ana iya jinta.

"Ke! Yaushe kuka aurar da Basant ba ku gaya min ba? Ni ce bare yanzu?"

"Wane aure? Nagat, kin sha maganinki kuwa?"

"Buɗe abin da na turo miki!"

Kamfanin ne ya sa hotonmu a Facebook. Ga ni nan baki har kunne, hannun hagu a sama, zobe na ƙyalli, a ƙasa an rubuta: "Muna taya Ustaz Sameh da mai ɗakinsa Madam Basant murna." Mama ta saki wuƙar, ta daki ƙirji da hannu biyu.

"Na shiga uku ni 'yasu! Auren ɓoye kika yi? A gidan nan? Da tawul dozin shida a saman kabad?"

"Mama, wallahi injin markaɗe ne kawai..."

Baba ya fito daga ɗaki da carbinsa. Bai ɗaga murya ba, kuma na fi tsoron hakan. Ya ce, "Kira min shi."

Sameh ya iso cikin minti ashirin, riga jiƙe da gumi, amma duk da haka sai da ya tsaya ya sayo kilo ɗin basbusa, kek ɗin nan mai zaƙi, don uwarsa ba ta koya masa shiga gidan mutane hannu rabbana ba. Ba wanda ya kalli basbusar. Ya zauna a bakin kujera ya faɗi komai, ya ɗora laifin duka a kansa, har da cewa shi ya fara sauya zobe. Na buɗe baki, ya harare ni, na rufe. A lokacin na ƙara sonsa, ban ma san akwai sauran wuri ba.

"Wato," in ji Baba, "ka ɗauki ƙasan gidanka ka sayi sati ɗaya na sanyi."

"Haka ne, Hajji."

"Kai da kake kwance keken ɗinki ka mayar ba ka yar da ƙusa ɗaya ba, wani mai man gashi ya kwance ka."

"Haka ne, Hajji."

"Daina ce min haka ne! Ina takardar?"

Watan jiya aka yi wa Baba aikin ido, likita ya hana shi ƙananan rubutu. Na ɗauko ta, ya ce in karanta daga farko, kada in yi sauri. Na riƙa karantawa sharaɗi bayan sharaɗi, yana jan carbi. Na sha shida shi ne na fasawa: kwana goma sha huɗu, da takardar aure. Baba ya ɗaga hannu ya ce in maimaita, na maimaita. Ya shafa gemu, na kuma ga abin da ke yawo a kansa ƙarara kamar an rubuta a goshinsa.

Idona ya sauka a na sha bakwai kafin bakina ya isa. Ga abin da ya ce: in ya bayyana ɗaya daga cikin masu sa hannu ya ba da bayanin ƙarya game da kansa, kafin alƙalamin ya zama na kamfani. Nan take na gane. In babu takardar aure, babu kuɗi. In muka kawo sabuwa, kwanan watan da ke jikinta shi zai tona mana asiri, nan ma babu kuɗi. Kuɗin nan sun tafi tun ranar da aka kaɗa ƙararrawa. In na karanta layin, Baba zai naɗe takardar, mu koma jiran wani adashen, shekara guda cur, ni da kwalayen Mama.

Na tsallake shi na ce, "Sharaɗi na sha takwas."

Da na gama, Baba ya ajiye carbin. "Jibi Laraba za a ɗaura. Alhamis mu kai musu takardarsu mu karɓo kuɗin yaro. Bakin Nagat ma ya huta."

"Rantsuwar fa, Hajji?" in ji Mama.

"Zan ciyar da miskinai goma. Amma tarewa sai tayil, wannan ba da wallahi na faɗa ba, amma ku riƙe."

Mama ta rangaɗa guɗa daga baranda har tattabarun maƙwabta suka watse. Matar da ɗazu take cewa ta shiga uku, ita ce ta fara buɗe basbusar.

Ranar Laraba bayan la'asar aka ɗaura a masallacin unguwarmu. Malamin da ke rubuta aure tsohon abokin Baba ne, ya yi alkawarin takarda za ta fito da hatiminta kafin azahar ɗin Alhamis. Na sa farar rigar da na saya tun bara na ɓoye a leda, sai da aka ɗan rage ta a ƙugu, kada ku tambaye ni dalili. Ina daga gefen mata ina leƙen hannun Baba cikin na Sameh an lulluɓe da farin hankici, Sameh na maimaita abin da malam ya ce. Na dangwala babban yatsa a kan hotona da ke jikin takardar auren, tawada ta ɓata min lalle, ban damu ba. Aka raba jan sharbat mai ayaba a sama, Tanti Nagat ta sha kofi uku tana gaya wa kowa ita ce silar auren. Ban taɓa jin daɗi irin na yinin nan ba. Can ƙasan zuciyata sharaɗi na sha bakwai na zaune kamar tsakuwa a takalmi, amma na taka rawata a haka.

Alhamis muka tafi mu uku. Baba ya sa jallabiyarsa ruwan toka ta zuwa biki, Sameh na riƙe da takardar auren a cikin leda kamar jariri. A mota har yana min lissafin cewa in an ba shi kuɗin yau, Asabar mai tayil zai fara da ɗakin kwana.

Madam Nahla ta karɓi takardar ta duba sama, ta duba ƙasa.

"Jiya?"

"Jiya," in ji Baba. "Allah ya sa albarka za ki ce."

"Allah ya sa albarka, Hajji. Wato ranar da suka sa mana hannu a matsayin miji da mata, ba su da aure." Ta jawo kwafinta ta juya shafi, ta ɗora jan farcen a kan layin da na sani sarai, ta karanta shi da ƙarfi, a tsanake.

Fuskar Sameh ta zube a gabana. "Amma yarinyarku ce ta ce mu sauya zoben! Haisam ma ya ga katinta!"

"Wace yarinya? Ustaz Haisam kuma ya bar aiki da mu. In kuna so ku kai ƙara, ga ƙofa, sai dai ku tuna saura biyan wata-wata."

Na ɗauka Baba zai kifar da teburin. Sai ya tattara takardun ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Hasbunallahu wa ni'imal wakil," ya miƙe. A matakala ya gaya wa Sameh akwai wani lauya ɗan tsohon abokin aikinsa, ko kuɗin ba su dawo ba zai tsayar da biyan wata-watan. Da muka fito titi ya nuna shagon da ke tsallake.

"Je ka sayo mana ruwan rake, maƙogwarona ya bushe."

Sameh ya tsallaka, kafaɗunsa a sake. Muka rage ni da Baba a inuwar wani kantin magani. Bai kalle ni ba.

"Daga sha shida kika faɗa sha takwas."

Na sunkuyar da kai. "Baba..."

"Idona likita ya yi wa aiki, ba kunnena ba. Shekara talatin da ɗaya ina ƙirga dilolin yadi, ke ce za ki sace min lamba a gaban idona?"

"To me ya sa ba ka yi magana ba?"

Ya ja carbi biyu kafin ya amsa. "Tun bara rantsuwar nan ta ishe ni. Ina kallonki kina ramewa, ina neman ƙofar fita ban samu ba. Da kika tsallake na san ba alheri ne a layin ba, na ce to, ga ƙofa." Ya share ido da gefen hannun riga, ya ce aikin likitan ne ke sa shi ruwa. Na kama hannunsa na sumbata a tsakiyar titin Tanta, ina kuka ina dariya.

Ya janye hannun a hankali. "Kada ki yi murna tukuna. Ni da ke mun shiga ofishin nan mun san abin da za mu tarar. Yaron can shi kaɗai ya shiga da zuciya ɗaya, yana lissafin ɗakin kwana. Jiya na damƙa masa ke, ba zan bari ki fara zama da shi da ɓoye-ɓoye ba. Ke za ki gaya masa, ko ni?"

Sameh na tsallakowa da kofi uku a hannu biyu, yana kaucewa motoci kada ya zubar. Ya miƙa wa Baba, ya miƙo min nawa, ya ga idona jajir, ya yi murmushin ƙarfin hali.

"Haba, daina kuka, ba laifinki ba ne. Wa zai san da layin nan?"

Baba ya kurɓi rakensa, ya juya mana baya yana kallon motoci.